Cinikin Motar Lantarki Ta Hannu a Intanet: Nasiha ga Matasan Dillalai

Motar lantarki ba ta da injin fetur ko na dizal. Batir ne ke ajiye wuta, wutar ta juya na'urar da ke tura tayoyi. Babu baƙin mai a cikinta, babu fulogi, babu salansa, babu famfon mai. Dillalin da ya tashi a kasuwar motoci ta Kano ko Kaduna ya gaji hanyoyin gane lafiyar mota daga iyayen gidansa: a tayar da ita a kasa kunne, a dubi launin hayaƙi, a zaro ma'aunin baƙin mai a murza a yatsa, a leƙa ƙarƙashi ko tana yoyo. Kusan duk wannan ilimi ba ya aiki a kan motar lantarki. Darajarta tana cikin wani ƙaton akwatin batir da aka shimfiɗa ƙarƙashin kujeru, mai nauyin ɗaruruwan kilo, kuma ido ba ya ganin lafiyarsa, kunne ba ya jin ciwonsa. In aka haɗa da tallar intanet, inda mai saye bai ko taɓa murfin motar ba, duhun ya zama biyu. Aikin dillali a wannan sana'a shi ne ya yaye duhun nan da awo da shaida, don kada cinikin ya zama na biri a sama.

Kasuwar ƙarama ce har yanzu, amma tana motsi. Tun da aka sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa wuce naira dubu. Kafin haka, kamfanin Stallion ya fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, hukumar NADDC a zamanin Jelani Aliyu ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu batir. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka yafe wa harajin VAT. A can ƙasashen da ake ɗauko tokumbo ma farashi ya karye: Tesla ya zabge kuɗin sababbin motocinsa a farkon 2023, a Janairun 2024 kuma kamfanin haya na Hertz ya ce zai sayar da motocin lantarki kimanin 20,000 a Amurka. Abin da ya yi araha a gwanjon Amurka ba ya daɗewa bai iso tashar Apapa ko Tin Can ba. Matasa ne ke riƙe da shafukan talla a Jiji da Facebook da Instagram da TikTok, don haka su mai saye zai fara tambaya, kuma su zai fara nema in abu ya lalace.

Farkon abin da matashin dillali zai sani shi ne bambancin cikar batir da lafiyar batir. Kowa ya san tsohuwar waya da ke nuna ta cika ɗari bisa ɗari da safe, kafin azahar ta mutu. Allon bai yi ƙarya ba, ta cika ɗin, sai dai cikin nata ne ya ƙanƙance. Haka batirin mota yake. Ana auna girmansa da yunit, irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida. Batirin da ya fito daga masana'anta yana ɗaukar yunit 40, bayan shekaru yana iya komawa 32, watau lafiyarsa ta sauka zuwa kashi 80 cikin 100. A ƙiyasin da aka saba gani, batir kan rasa kusan kashi 2 cikin 100 a shekara, amma wannan matsakaici ne kawai. Zafi yana cin batir, yawan cajin gaggawa yana cin sa, barin sa a cike ko ba caji na tsawon lokaci yana cin sa. Shi ya sa motoci biyu 'yan shekara ɗaya, masu nisan tafiya ɗaya, za su iya bambanta ƙwarai, kuma lambar kilomita da ke kan allo, wadda dillalai suka ɗauke ta ma'aunin tsufan mota, ba ta isa shaida a nan ba.

Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010, ita ce misalin da ya fi koyar da darasi, domin tana cikin masu araha a gwanjo kuma matasa kan fara da ita. A gefen dama na allon tsofaffin samfurinta akwai layuka biyu a jere. Dogayen sanduna na nuna cajin da ke ciki a yanzu, wasu gajeru guda goma sha biyu a bakin gefe kuma su ne ke nuna lafiyar batir. Gajeren farko kan ɓace idan lafiya ta sauka kusan kashi 85, sauran su riƙa bin sa duk bayan kashi shida da ɗoriya. Mota mai gajerun sanduna takwas ta yi nisa da tsufa, komai ƙyallin fentinta. Batirin tsofaffin Leaf ba shi da ruwan sanyaya irin na Tesla ko Kona, iska kawai yake dogara da ita, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka yi ta kuka da saurin lalacewarsa. Wanda ya san yadda rana ke dukan kwalta a Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke kai digiri 40, zai gane cewa wannan ba labarin nesa ba ne. Akwai kuma ha'incin da ya kamata a sani: ana iya goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batir, sandunan nan su dawo sha biyu cif, sai bayan makonni su zube su koma gaskiyarsu. Dillalin da aka yi wa haka a gwanjo, ya sayar bai auna ba, shi mai saye zai kira ɓarawo.

Awon ba shi da tsada. Akwai ƙaramar na'ura da ake sokawa a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ta yi magana da waya. Ga Leaf, manhajar LeafSpy tana fito da lafiyar batir, da adadin cajin gaggawa da aka taɓa yi masa, da ƙarfin kowace ƙwayar batir ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ƙwaya ɗaya mai rauni takan sa mota ta mutu a kan hanya alhali allo na nuna saura kashi 20. Sauran motoci suna da nasu manhajojin. Amma awon da babu gardama a kansa shi ne na hanya: a cika batir, a kunna esi, a hau titi da gudun da mutane ke yi, a rubuta kilomitar da aka ci da kason da ya rage. Ba daidai ba ne a sa mota a kasuwa kafin a yi mata wannan, kuma dillalin da ke ganin ɓata lokaci ne bai shirya wa sana'ar ba.

Daga nan sai maganar nisan zango, inda mafi yawan tallace-tallace ke zamewa. Lambar da ke cikin takardar kamfani ta sabuwar mota ce, kuma ta dogara da ƙasar da ta yi gwajin. Leaf ta 2018 mai yunit 40, gwajin EPA na Amurka ya ba ta kilomita 243, na WLTP na Turai ya ba ta 270, tsohon gwajin NEDC kuwa 378, duk mota ɗaya. Gwajin CLTC da ake rubutawa a kan motocin Sin shi ma yakan ba da lamba mai kumbura. Irin wannan Leaf da lafiyar batirinta ta koma kashi 80, tana cin kamar yunit 17 a kowace kilomita 100 da esi a kunne, abin da za ta yi bai kai kilomita 190 ba. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Wanda ya rubuta 378 a talla, ya sayar wa ɗan kasuwar da ke zirga-zirga a wannan hanya, ya san inda zai bar shi. Abin da ya dace a rubuta shi ne abin da aka gani a gwajin hanya, da ranar da aka yi shi.

Bakin caji ma wani rami ne da sababbin shiga ke faɗawa. Ba iri ɗaya ba ne a duniya. Motocin Amurka suna zuwa da Type 1 da CCS1, Tesla ta Amurka da nata na daban, na Turai da Type 2 da CCS2, tsofaffin Leaf da CHAdeMO na Japan don cajin gaggawa, waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin kuma da GB/T. Najeriya na karɓar mota daga duk waɗannan wurare, wuraren cajin kuɗi kuwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu a Legas da Abuja. Akwai mahaɗai da ke daidaita wani baki da wani, amma na cajin gaggawa suna da tsada kuma ba kowane ke aiki ba. Sannan wutar gida a Amurka bolt 120 ce, ta nan 230, don haka cajar da ta zo a but ɗin motar Amurka sai an karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin a soka ta a bango. Motocin kasuwar Sin suna da ƙarin matsala: allonsu kan zo da Sinanci, manhajar wayarsu kuma a ɗaure take da lambar wayar can. Duk wannan mai saye yana da haƙƙin ya ji shi kafin ya biya.

Tambayar da ta fi kowace raba dillalin kirki da mai neman la'ada kawai ba ta shafi motar ba, ta shafi gidan mai saye. Saƙo zai shigo WhatsApp: "Malam, motar nan tana nan? Nawa za ka bar mini?" Amsar da ta dace, bayan gaisuwa, ita ce: "Tana nan, Alhaji. Amma kafin mu yi maganar kuɗi, awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, kuma akwai inda za ta kwana kusa da soket?" Soket ɗin bango yana ba da yunit biyu zuwa uku a awa, ke nan batir mai yunit 40 zai ci awa goma sha biyar ko fiye kafin ya cika daga ƙasa. Cajar bango mai ƙarfin kilowat 7 za ta yi aikin cikin kamar awa shida, amma tana son wayarin mai kauri da atin mai kyau da aka binne a ƙasa, domin motoci da yawa ba sa karɓar caji in babu shi. Lissafin kuɗin kuwa a fili yake. A Afrilun 2024 an kai yunit naira 225 ga masu layin Band A. Tafiyar kilomita 100 za ta ci kamar yunit 20 daga mita, watau naira 4,500 a wancan farashi, alhali motar fetur mai shan lita takwas za ta ci kusan ninkin haka a farashin naira dubu na ƙarshen 2024. Amma in da ƙaramin janareton fetur za a riƙa caji, wanda da wuya ya ba da fiye da yunit biyu a lita, to lita goma za a ƙona, riba ta koma asara. Mai sola babba a gida, ko ma'aikacin da ofishinsa ke da tsayayyar wuta kuma tafiyarsa ta cikin gari ce, motar za ta yi masa daɗi. Mai haya a gidan da wuta ke zuwa awa huɗu, gara a faɗa masa gaskiya a nuna masa wata motar. Ciniki ɗaya ya tafi, amma mutumin zai dawo, kuma zai turo ɗan'uwansa.

Wajen sayo kaya, lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ita ce mabuɗi. Da ita ake ciro tarihin mota a Carfax, a ga hotunanta na gwanjon Copart ko IAA, a duba ko kamfani ya taɓa kiranta gyara. Chevrolet Bolt da Hyundai Kona duk an kira su a 2020 da 2021 saboda haɗarin gobarar batir, aka sauya wa da yawa sabo. Wadda aka sauya wa ta ƙara daraja, wadda ba a kai ba kuma haɗarin yana nan a cikinta. Dillalai sun saba sayo motar da ta yi hatsari a gyara bodi a fesa fenti, kuma a motar fetur sau da yawa hakan yana tafiya lafiya. A motar lantarki, duka a ƙasan akwatin batir ba abin wasa ba ne. Motar ambaliya kuwa a guje ta ɗungurungum. Bayan guguwar Ian a jihar Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shanye sun riƙa kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, kuma irin wannan gobara tana da wuyar kashewa. Babu arahar da ta kai a ajiye wannan a garejin wani magidanci, kusa da ɗakin 'ya'yansa. Sai kuma sitiyari: Leaf da yawa masu araha daga Japan da Ingila na hannun dama ne, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a dama tun 1972, irin waɗannan motoci ba su halatta a kan titi ba. Takardun kwastan dole su zama na gaskiya, lambar da ke jikinsu ta dace da ta shasi.

Motar da ke jiran mai saye ita ma tana bukatar kulawa. A ajiye ta a inuwa, cajinta wajen rabi. Akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda shi ke tayar da kwamfutocinta, in ya mutu motar ba za ta motsa ba ko da babban a cike yake.

Tallar kanta ta bambanta da wadda aka saba. Hoton gaba da baya da kujeru da kiɗa a bidiyo ba su faɗi komai ba. Hotunan da ke sayar da motar lantarki su ne na allo a kunne, ana ganin kason caji da kilomitar da ya rage, na sakamakon awon batir da kwanan wata, na bakin caji a buɗe daga kusa har ana iya ƙirga ramukansa, na cajar da za a bayar tare da rubutun jikinta, na ƙasan motar a kan ramin makaniki, da na tayoyi, domin nauyin batir yana cin taya da wuri. Bidiyon gwajin hanya ya fi kyau a ɗauki allon a farko da ƙarshe ba tare da yanka ba. A rubuce kuma a faɗi shekara, girman batir, lafiyarsa, irinsa, ƙasar da aka ƙera motar dominta, da duk aibin da aka sani. Irin batir yana da amfani ga mai saye: LFP, kamar Blade da kamfanin BYD ya fito da shi a 2020, ya fi jure a cika shi ɗari bisa ɗari, sauran kuwa an fi so a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum. Garantin kamfani na shekara takwas ko kilomita 160,000 da ake gani a takardu yawanci na ƙasar da aka fara sayar da motar ne, bai kamata a yi talla da shi ba sai an tabbatar akwai wakilin da zai cika shi a nan.

Bayyana aibi ba karamci ba ne da dillali zai yi in ya ga dama. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun wajabta wa mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano an ɓoye masa, sun kuma hana cinikin da ke cikin duhu da kuma sa wani ya taya kaya don a ruɗi mai saye. Turo abokai su cika ƙarƙashin talla da yabo da tayin ƙarya yana cikin wannan na ƙarshe. Dokar ƙasa ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ita ma ta hana talla mai yaudara. A intanet kuwa hukunci kan riga kotu sauri, domin hoton hira ɗaya ya isa ya rufe shafin da aka yi shekaru ana ginawa.

Farashi yana bin batir. Dillali ya fara sanin nawa sauya batirin wannan mota zai ci, da jigila da kuɗin aiki, domin a tsofaffin motoci kuɗin kan kusa kai darajar motar gaba ɗaya. Kuma kada ya riƙe kaya yana jiran tashin kasuwa kamar yadda ake yi da Corolla ko Hilux. Matsakaicin kuɗin batir a duniya ya sauko daga sama da dala dubu kan kowane yunit a 2010 zuwa kusan dala 115 a 2024, sababbin motocin Sin suna ta fitowa da araha da dogon zango, ita kuma wadda ke tsaye batirinta na tsufa ko ba a tuƙa ta.

Wajen biya, ƙa'idojin cinikin intanet suna nan daram. Ba a sakin mota da hoton rasit ko saƙon alat, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗi sun zauna. Kafin alƙalami a rubuta sharaɗinsa: nawa ne, kwana nawa za a jira, ana mayarwa ko ba a mayarwa. Mai saye na nesa a ba shi dama ya turo wanda ya yarda da shi ya duba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar daga mutum ɗaya, ko miliyan goma daga kamfani, ba ta hanyar banki ba, kuma dillalan motoci suna cikin waɗanda ake bukatar su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Matashin da ke tallar motar maigidansa ko ta wani dillali ya daidaita maganar la'adarsa tun farko, kuma kada ya sa hoton motar da bai gani da idonsa ba.

Kai mota ga mai ita yana da nasa tsari. In nisan ya fi zangonta, a ɗora ta a bayan babbar mota, ba a jan ta da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa, domin hakan yana iya lalata na'urar tuƙinta. A cire asusun tsohon mai ita daga manhaja, musamman a Tesla, inda mai asusu ke iya ganin inda mota take har ya buɗe ta daga nesa. Ranar miƙa makulli, dillali ya zauna da mai saye da direbansa, ya nuna masu yadda ake soka caja da zare ta, da yadda motar ke rage gudu da kanta in an ɗaga ƙafa, ya kuma gargaɗe su cewa ba ta da ƙara, yara da dabbobi a lungu ba sa jin zuwanta. Ya nuna masu wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ƙarƙashin bonet, waɗanda ke ɗauke da wutar da ta kai bolt 400, ya ja kunnensu kada su bar mai wayarin bakin titi ya taɓa su. Taya da birki da ƙafafu kowane makaniki zai iya, amma batir da abin da ya danganci shi sai wanda ya koya kuma yake da safar hannu da kayan aikin. Saboda haka tun kafin ya sayo motar farko, dillali ya nemo irin wannan makaniki da mai wayarin gida da zai kafa caja, ya san inda ake samo kayan gyara da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso, ya rubuta lambobinsu a takardar ciniki tare da sakamakon awon batir na ranar da aka sallama, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe kwafi.